Adakar Gwaggo: wace shekara zan rubuta?

Ɗan Gwaggo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, ku yi mini haƙuri zan ɗan ja zance. Bayan rasuwar gwaggona aka zo rabon kaya, aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gadonta. Kowa ya ɗauka atamfofi ne. Ashe littattafan Hausa ne maƙil, ta jera su tsaf da kafur a tsakani. Ba wanda ya nuna yana so, har wata na cewa a ba mai ƙosai, sai na kwaso abina. Na ƙirga 214, ban da waɗanda gara ta yi wa illa.

Na ɗauki guda ashirin na nemi sunayensu a intanet, uku kacal na samu labarinsu. Sauran kamar ba a taɓa rubuta su ba. Shi ne na ce bari in fara shigar da su a Open Library, wani shafin intanet da ke tattara bayanan littattafai, tunda can kowa na iya buɗe asusu ya ƙara littafi. Tun a na farko na cije. Na rubuta sunan littafi, na rubuta sunan marubuciya, sai ga gurbin shekara. Na juya littafin nan gaba da baya, babu. Babu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, babu sunan maɗaba'a. Akwai sadaukarwa shafi guda, godiya shafi biyu, har da gaisuwa ga ƙawayenta na makarantar kwana su goma sha ɗaya, kowacce da sunan garinsu. Amma shekara ko alamarta. Gwaggo ta yi aure a 1994, kuma lokacin ne ta fi karatu. In sa 1994 kawai in wuce?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya kai haske kabarinta. Wallahi ka tuna mini da zamanin hayar littafi. Naira biyar kwana ɗaya, in ka ƙara kwana mai haya ta aiko yarinya har gida. A tsakiyar littafin lissafi muke ɓoye shi. Ni dai a ganina sa 1994 ɗin, ai ba za ta wuce nan kusa ba. Wa zai kai ka ƙara?

Malam Bazazzagi:
Allah ya gafarta mata. Ɗana, kada ka sa. Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin laburare kafin in ajiye, kuma ba abin da ya fi ba mu wahala irin shekarar da wani ya ƙirƙira da kyakkyawar niyya. Ga yadda abin yake tafiya. Yau ka rubuta 1994. Gobe ɗalibi mai rubuta kundin digiri ya gani ya kwafa. Jibi wani ya karanta kundin ya sa a maƙala. Gata wani ya buɗe wa marubuciyar shafi a Wikipedia ya kafa hujja da maƙalar. Ranar da kai da kanka ka gano ka yi kuskure ka je gyarawa, za a ce maka ina hujjarka, ga abin da masana suka rubuta. Alhali tushen maganar duka kai ne da auren Gwaggo.

Abin da ido ya gani a jikin littafin shi ake rubutawa. Abin da ba a gani ba, a ce ba a gani ba.

Injiniya:
Malam, da girmanka, amma wannan ƙa'idar ita ta sa har yau ba mu da komai. Da babu gara ba daɗi. Waɗannan shafukan an gina su ne a kan wani ya fara, wani ya gyara. Open Library tun 2006 take, burinta kowane littafi da aka taɓa bugawa a duniya ya samu shafinsa. Wikidata, rumbun bayanai ɗan'uwan Wikipedia, tun 2012. Mu muna nan muna jiran sai komai ya cika cif kafin mu taɓa. Yaro ya zo da zafinsa zai yi aiki, kun fara ɗaure masa hannu.

Malam Bazazzagi:
Ban ce kada ya shigar ba, Injiniya. Cewa na yi kada ya yi ƙarya. Wa zai zo ya gyara? Littafin Turanci mutum dubu ke da kwafinsa, in ka yi kuskure kafin la'asar wani ya kama. Wannan kuwa mai yiwuwa kwafin da ke hannun yaron nan shi ne ya rage a unguwarsu kaf. Wanda ya fara shi ne na ƙarshe.

Kuma masu aikin laburare sun daɗe da samar wa wannan matsala hanya. In ka tabbata littafi na shekarun 1990 ne amma ba ka san wacce ba, sai ka rubuta [199-] cikin baka mai kusurwa. In kana shakkar hakan ma, ka ƙara alamar tambaya, [199-?]. Bakan nan yana gaya wa mai karatu cewa wannan daga mai shigarwa ne, ba daga littafin ba.

Baba Mai Littafi:
Ku bari in sa baki, tunda ni na sayar da irin waɗannan a Kano shekara da shekaru. Rashin shekarar nan ba duka ne mantuwa ba. Wani lokaci mu 'yan kasuwa ne ba ma so. Mace ta zo shago ta buɗe ta ga shekarar bara waccan, sai ta ajiye ta ce tsohon yayi ne, a ba ta sabon fitowa. In babu shekara kuwa kullum sabo ne. Na biyu, in littafi ya karɓu aka koma maɗaba'a, da kayan bugun farko ake sake bugawa, ba a canza ko wasali a ciki. Bango kawai ake sakewa, wani lokaci da shafin talla na baya. Saboda haka ko ka ga shekara a ciki, ba lallai ita ce shekarar da aka buga wanda ke hannunka ba.

Ɗana, ɗauko mini hoton bangon baya da shafi biyu na ƙarshe.

Ɗan Gwaggo:
Ga su nan Baba. Bangon baya hoton marubuciyar ne da ɗan tarihinta, sai lambar waya a ƙasa. Shafin ƙarshe kuma tallar wasu littattafai ne guda shida.

Baba Mai Littafi:
Yauwa. Dubi lambar nan, da 0803 ta fara. Wayar salula irin wannan sai a 2001 ta shigo Nijeriya. Kafin nan in za ka ga lamba a littafin Kano, ta tebur ce mai farawa da 064, galibi ma akwatin gidan waya ake sawa. To wannan bangon ba zai yiwu a ce na 1994 ba ne, ko da kuwa labarin ciki ya girme shi.

Maman Biyu:
Ikon Allah! Baba ashe ɗan sandan ciki ne. Na janye 1994 ɗina.

Baba Mai Littafi:
Sana'a ce, Hajiya. Akwai alamomi da yawa. Kuɗin da aka rubuta a bango alama ne. In ka ga an rubuta adireshi da Jihar Jigawa, ka san ba kafin 1991 ba ne. In Jihar Zamfara ce, ba kafin 1996 ba. In an gode wa kantoman soja na jiha, ka san kafin 29 ga Mayu 1999 aka rubuta godiyar. Tallar fim ɗin kaset a baya ita ma tana nuna zamani. Har rubutun ma, na tafireta daban, na kwamfuta daban. Ba ɗaya daga ciki da zai ba ka shekara tak, amma in ka haɗa biyu ko uku sai su yi maka katanga gaba da baya.

Malam Bazazzagi:
Madalla. Ƙari ɗaya: lambar ISBN mai lamba 13 daga Janairun 2007 ta zama dole, kafin nan 10 ce. Sai dai a yi hattara da ita a littattafanmu. Na sha ganin littattafai daban-daban ɗauke da lamba iri ɗaya, saboda mai buga rubutun ya kwafo shafin farko na wani littafi ya canza suna kawai. A Nijeriya Babban Laburaren Ƙasa ne ke ba da lambar, kuma dokar 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai masa kwafi uku ajiya. Baba, ku nawa kuka taɓa kaiwa?

Baba Mai Littafi:
Malam, rufa mini asiri. Yau na fara jin wannan dokar.

Malam Bazazzagi:
To ka ga dalilin da ya sa adakar Gwaggo ta zama laburare.

Kuma kada a ɗauka ƙananan littattafai ne kaɗai ke da wannan ciwo. Ɗauki littattafan gasar rubutun Hausa ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Tun a tsakiyar shekarun 1930 suka fito. Amma kwafin da yawancinmu muka karanta a makaranta na kamfanin buga littattafai na NNPC ne da ke Zariya, wanda sai a 1966 aka kafa shi. Mutum ya ɗauko nasa ya ga shekarar bugun da ke ciki ya rubuta ta a matsayin shekarar fitowar littafi, ya rage masa shekara talatin ko fiye ba da saninsa ba. Shi ya sa ake raba abu biyu: aikin kansa, da bugun da ke hannunka. Kai bugu kake shigarwa.

Kafin ka ci gaba, nemi littafin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004 a Jamus, jerin littattafan ƙagaggun labaran Hausa na kasuwa daga 1987 zuwa 2002. Ɗaruruwan sunaye ne a ciki. Wasu daga cikin na adakar za ka tarar an riga an yi maka aikinsu.

Injiniya:
To wannan na yarda. Amma Ɗan Gwaggo, me ya sa ba Goodreads ba? Can ne masu karatu suke, can ake ba da tauraro ana sharhi.

Ɗan Gwaggo:
Na leƙa, Yaya. Can akwai 'yan sa-kai masu kula da kundin, su ake roƙo su ƙara littafi ko su gyara. In kana so ka zama ɗaya daga cikinsu sai ka tara littafi 50 a kantarka sannan ka nema. Ina da niyya, amma na ga gara in fara inda zan iya yi da hannuna.

'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Ni abin da ke damuna sunayen marubuta ne, ba shekara ba. Mutum ɗaya sai ka tarar an raba shi gida huɗu. Dubi wadda ta rubuta So Aljannar Duniya na 1980. Wani wuri Hafsat Abdulwaheed, wani wuri Hafsatu Abdulwahid, wani wuri an sa Ahmed a tsakiya. Haka Bilkisu Ahmed Funtuwa: da Funtua, da Funtuwa, da Salisu a tsakiya, da Anti Bilki. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ce. Kowane rubutu sai ta buɗe masa ɗaki, littattafan su warwatse. Mai neman ayyukanta ya shiga ɗaki ɗaya ya ga biyu ya ɗauka iyakarsu ke nan.

Malam Bazazzagi:
Gaskiya ne 'yata. Maganinsa a zaɓi suna ɗaya ya zama uwa, sauran a jera su a ƙarƙashinsa a matsayin wasu sunayen da aka san ta da su. Wikidata ta dace da wannan, don kowane mutum lamba ɗaya gare shi komai yawan laƙabinsa. Amma a shafin littafi, yadda aka rubuta a bango haka za ka kwafa.

Ɗan Gwaggo:
Ko da kuskure ne, Malam? Akwai wanda a bango aka rubuta "kauna" ba lanƙwasa, a ciki kuma "ƙauna".

Malam Bazazzagi:
Ko da kuskure ne. Littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kuykuyo Ne aka buga, kuma da haka duniya ta san shi har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. In wani mai son gyara ya mayar da shi kwikwiyo, ya haifi littafi na biyu da babu shi. Kai magatakarda ne a nan, ba malamin jarrabawa ba.

'Yar Damagaram:
Nan kam ban bi Malam duka ba. Rashin lanƙwasa a bango ba zaɓin marubuci ba ne, kwamfutar mai zanen bango ce ba ta da harafin. In muka yi ta kwafar "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", mu da kanmu muna koya wa intanet Hausar da ba daidai ba. Mu a Nijar ma da ƙari: muna rubuta ƴ, ku kuna rubuta 'y. Wanda ya nemi "ƴar" a Zinder ba zai ga abin da aka shigar da "'yar" a Kano ba. Ni dai a ganina a sa na daidai a sama, na bango a bayani.

Injiniya:
A aikace kuma akasin haka ya fi amfani. Mutum nawa ne ke da ƙ da ɗ a allon wayarsa? Yawanci ba lanƙwasa suke nema.

'Yar Damagaram:
To don mutane ba sa sawa sai mu binne haruffan?

Malam Bazazzagi:
Ba a binne ba. Duka biyun za su shiga, rigimar kawai wanne ne a sama. In shafin ciki ya zo da lanƙwasa, to shi ake bi, domin a ƙa'ida shafin suna na ciki ya fi bango ƙarfi. Ka ga a littafin Ɗan Gwaggo "ƙauna" ta yi nasara ba tare da an yi wa kowa gyara ba. Inda duka biyun babu lanƙwasa ne zan tsaya a kan bakana.

Alƙalamin Dare:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, amma maganar haɗa sunaye ta taɓa ni. Ni marubuciya ce, a waya nake rubutu, kuma da sunan alkunya. Shekaru biyu da suka wuce wani bawan Allah, mai son littattafaina ne ma, ya buɗe mini shafi a wani dandalin masu karatu. Ya sa sunana na yanka, da na mahaifina, da unguwar da nake aure, da hoton da ya ciro daga bikin ƙanwata. A ganinsa karramawa ce. Dangin mijina ba su san ina rubutu ba sai ranar. Abin da na gani a watan nan ni kaɗai na sani, sai da iyaye suka shiga. Na rubuta wa masu shafin ya fi sau biyar kafin a cire hoton.

Don haka in kuna cewa a tattara sunayen mutum wuri ɗaya, ku tambaya tukuna: ita ta raba su da gangan ko kuwa?

Maman Biyu:
Subhanallahi. Sannu ƙanwata. Wannan kam ba a kyauta ba.

Injiniya:
Allah ya kiyaye gaba. Amma fa tarihi yana da haƙƙi shi ma. In kowa ya ɓoye, nan da shekara hamsin wa zai san wa ya rubuta me? Manazarta za su zo su tarar da laƙabi zalla.

Alƙalamin Dare:
Yaya Injiniya, nan da shekara hamsin manazarta su ci kansu. Ni yau nake zaune a gidan miji. Laƙabin nan shi ne sunan da na ba littafin, ya ishe su.

Malam Bazazzagi:
Tana da gaskiya, kuma bai saɓa wa abin da na faɗa ba. Waɗanda 'Yar Damagaram ta ambata su da kansu suka buga sunayensu a bango, suka yi hira da jaridu da rediyo da su. Haɗa waɗannan gyara ne. Wadda ta sa laƙabi kuwa, laƙabin ne abin da ido ya gani a littafi. Abin da ka sani don kuna unguwa ɗaya ba bayanin littafi ba ne, tsegumi ne. Wikipedia ma ba ta karɓar "ni na san ta", sai abin da aka riga aka wallafa a wuri mai zaman kansa, kuma ta fi tsanantawa a kan wanda yake raye.

Ɗan Gwaggo, wannan ya shafe ka kai tsaye. Lambar wayar da ke bangon nan kada ka kwafe ta cikin bayani. In za ka ɗora hoton bangon baya, rufe ta. An sa ta ne don masu karatu na wancan lokaci, ba don duniya ba.

Ɗan Gwaggo:
Wallahi da na ɗora, ban kawo wannan a raina ba. Na gode Anti, na gode Malam.

Sarkin Zumuɗi:
Ni duk wannan dogon Turanci ne. Shekara, lanƙwasa, baka mai kusurwa! Wa zai ci sunan littafi? Malam ka ɗauki hoton shafukan duka ka haɗa mana PDF ka watsa a nan mu karanta. Shi ne taimako. Littafin da ba a samu a kasuwa ai ya zama na kowa.

Alƙalamin Dare:
Ga irinsu nan. Na kowa a gidan wa? Mu da muke rubutu a waya mun san ku. Ka kwana kana bugawa da babban yatsa, mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye an cire sunanka daga sama an watsa a rukuni goma. Har akwai wanda ya turo mini littafina yana tambaya ko na san wadda ta rubuta.

Sarkin Zumuɗi:
Hajiya ba da ke nake ba. Ina maganar tsofaffin da marubutansu ma sun manta da su.

Baba Mai Littafi:
Wa ya gaya maka sun manta? Da yawansu suna raye, wasu na fama da kuɗin magani. Ni na san wahalar da suka sha. Mace ta sayar da ɗan kunnenta ta buga littafi, ta kawo mana bashi, mu biya ta kaɗan-kaɗan. Ban ce duk mun yi musu adalci ba, Allah ya yafe mana. Aka zo 2007 aka yi taron ƙona littattafai a Kano, aka bi su da zagi cewa su ke ɓata tarbiyya. Yanzu kuma a ce abin da ya rage nasu ya zama na kowa?

Malam Bazazzagi:
Doka ma ba ta bar wurin gardama ba. A Nijeriya haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, yi lissafi da kanka. In nasa bai zama na kowa ba, ina ga na wadda ke raye a Gusau ko Funtuwa?

Amma ba zan ce tambayar Sarkin Zumuɗi wofi ce gaba ɗaya ba. Takardar da aka buga waɗannan littattafai da ita mai arha ce, tana ja tana karyewa. Ɗaukar hoto don ajiya abu ne, watsawa abu ne daban. Ɗan Gwaggo ya ɗauka ya adana, in an samu marubuciya ko magadanta a nemi izini.

Mai Unguwa:
Jama'a a sassauta. Dokar gidan nan tana nan: ba a ɗora cikakken littafin kowa sai da yardarsa. Sarkin Zumuɗi, na goge wani saƙo da ka turo, ka san dalili. A ci gaba.

Injiniya:
Tunda an ambaci na waya, su ma fa suna buƙatar wannan aikin, har sun fi. Na takarda ko banza yana da adaka. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai a waya, da aka rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 ta isa darasi: shafi na iya ɓacewa dare ɗaya. Littafin da aka yi ta sakinsa shafi-shafi a WhatsApp, wace rana ce ranar fitowarsa? Ranar da aka fara ko ranar da aka rubuta "tammat"?

Alƙalamin Dare:
Duka biyun. Ni ina rubuta su a ƙarshen kowane littafi yanzu, da Miladiyya da Hijiriyya. Ganin wahalar da Ɗan Gwaggo ke sha ma ya ƙara mini ƙaimi.

Ɗan Gwaggo:
Wata tambayar kuma. Littafin nan kashi uku ne, na 1 da na 2 da na 3, kowanne bai fi shafi 80 ba, kuma na ɗaya ya tsaya ne a tsakiyar magana, mutum ya ɗaga hannu zai buga ƙofa sai "mu haɗu a littafi na biyu". Littafi ɗaya zan shigar ko uku?

Baba Mai Littafi:
Uku muka sayar, uku ne. Kowanne da bangonsa da kuɗinsa, wani lokaci wata shida ne tsakaninsu, sai kuɗin na ɗaya ya dawo ake buga na biyu.

Maman Biyu:
A'a Baba, labari ɗaya ne kuka yanka mana don ku ci kuɗinmu sau uku! Har yau ban huce ba. Akwai wanda na karanta na ɗaya da na biyu, na ukun bai taɓa fitowa ba, yau shekara ashirin da biyar ban san ko ta auri mutumin ba.

Malam Bazazzagi:
Ku duka kun yi daidai. Shigar da kowanne da kansa, da adadin shafinsa da hoton bangonsa, sannan ka nuna cewa jeri ɗaya ne. Kuma irin wanda Hajiya ta faɗa, in an tabbatar na ukun bai fito ba, wannan ma bayani ne da ya cancanci a rubuta.

Maman Biyu:
Ɗan Gwaggo, tsaya. Na ƙara duba hoton da ka turo. Matar nan na san ta! Yayar wata maƙwabciyata ce a da. Kada ka ce komai a nan, bari in nemi ƙanwar in ji ko za ta yarda a yi magana da ita.

Maman Biyu:
Na dawo. Jiya da daddare muka yi waya, ta fi minti arba'in tana dariya, ta ce ashe akwai mai tunawa. Na tambaye ta shekara. Ta ce ita ba ta riƙe shekara ba, amma tana goyon ɗanta na biyu ta kai rubutun wurin mai bugawa, kuma ranar da aka kawo mata kwalin farko ana zaman makokin Abacha, shaguna duk a rufe. Ta ce an sake bugawa sau biyu daga baya, a na ƙarshen ne aka sa lambar waya. Ta yarda a sa sunanta yadda yake a bango da hoton bangon gaba, amma ban da hotonta.

Sai kuma ta roƙi abu ɗaya. Ba ta da kwafi ko guda, nata sun salwanta a tashin gida. Tana so ta ga na ukun, ta ce ta manta yadda ta ƙarasa shi.

Malam Bazazzagi:
Abacha ya rasu 8 ga Yuni 1998. To bugun farko 1998, kuma a rubuta a bayani cewa daga bakin marubuciya aka ji, ba a littafin aka gani ba. Wanda ke hannunka kuma bugu ne na baya, ba kafin 2001 ba. Abu biyu ke nan, kada ka cakuɗa su.

Injiniya:
Malam, ko daga bakin mai shi ma sai an sa sharaɗi?

Malam Bazazzagi:
Ita ma mutum ce, Injiniya, tana iya haɗa kwalin wannan littafi da na wani. In gobe bugun farko ya fito daga wata adakar da shekara a jikinsa, mai gyara zai san da me zai auna.

Ɗan Gwaggo:
Na shigar, duka ukun. Anti Maman Biyu, zan kai a yi mini hoton na ukun in riƙe, ainihin littafin kuma a kai mata, na san Gwaggo ba za ta ƙi ba. Turo mini ta akwati inda zan aika.

Na ɗauko na gaba. Wannan yana da shekara, alhamdu lillahi, 1996 ɓaro-ɓaro a shafi na biyu. Sai dai bangon ya ce mace ce ta rubuta, shafin ciki kuma sunan namiji ne, kuma a godiya marubucin yana gode wa "maigidana". Baba Mai Littafi, kana kusa?